Kyandir ɗin kan kek ɗin bazday da saƙon nan da ake ta turawa

Assalamu alaikum jama'a. Sati biyu kenan wani saƙo yana ta yawo a guruf-guruf na WhatsApp, ni kaɗai sau huɗu aka turo min shi, na ƙarshen ma Yayana ne ya turo bayan sallar asuba ya ƙara da nasa a ƙasa, wai "ke da kike sana'ar kek ki karanta wannan ki ji tsoron Allah." Abin da saƙon yake cewa shi ne duk wanda ya soka kyandir a kan kek ranar bazday ya kunna ya hure to bautar wata gunkiyar Girkawa yake yi mai suna Artemis, wai kek ɗin zagayayye siffar wata ne, kyandir ɗin hasken watan ne, hayaƙin da ke tashi bayan an hure kuma shi ke kai roƙo wurin gunkiyar. Can ƙasa an rubuta ka tura wa mutum goma.

Wallahi hankalina ya tashi ba kaɗan ba. Shekarata takwas ina gasa kek a gida nan Kaduna, da shi nake taimaka wa maigida wajen kuɗin makarantar yara, kuma fiye da rabin odar da nake samu ta bazday ce, yawanci ma ni nake haɗa musu da ɗan fakitin kyandir a cikin kwalin. Ranar ko aisin kasa haɗawa na yi, na fasa ƙwai a roba na bar shi nan har ya fara bushewa a gefe. Na ce wa raina idan har maganar nan gaskiya ce gara in ajiye kek in koma cincin da dubulan, ba zan ci da 'ya'yana da shirka ba. Sai na zauna dare uku bayan yara sun yi barci ina bin maganar daki-daki, kuma abin da na samo shi nake so in faɗa muku, don na san ba ni kaɗai aka tsorata ba.

Maganar Artemis ɗin tana da ɗan tushe, wannan ba zan ɓoye ba. Mutanen Atina na dā suna da wani biki da suke yi mata ranar 16 ga wani watansu mai suna Munikiyon, lokacin da wata ya cika, a kan wani tudu da ke Piraeus, tashar jiragen ruwansu. A bikin suna kai mata wata waina zagayayya da suke kira amfifon, an kewaye ta da 'yan ƙananan itatuwa masu ci da wuta irin bakin wuta. Wani marubucin tarihinsu Filokorus wanda ya rasu wajen shekara 260 kafin haihuwar Annabi Isa (AS) ya yi maganarta. To amma ku dubi abin da kyau. Wainar nan hadaya ce ake kaiwa wurin bauta a ajiye, ba ranar haihuwar kowa ake yi ba, ba a ƙirga wutar da shekarun wani, kuma abin da aka rubuto game da bikin bai kawo cewa wani yana tsayawa ya hure ta ya yi fata ba. Daga wannan waina zuwa kek na farko da aka rubuta labarinsa da kyandir daidai shekarun mai shi akwai wajen shekara 2,000 a tsakani, kuma masu tura saƙon ba su kawo ko mutum ɗaya da ya ɗauko abin daga can ya miƙo shi nan ba. Kamannin abu biyu kawai aka gani aka ɗaura musu aure. In da kama ce hujja ai masa ma zagayayya ce, fankaso ma haka, fitilar ƙwai ma wuta ce.

Waɗanda suka ɗauki ranar haihuwar mutum da muhimmanci sosai a zamanin dā Rumawa ne, kuma nasu kam akwai bauta a ciki, gaskiya ɗaya ce. Sun yarda kowane namiji yana da wani ruhi mai tsaronsa da suke ce wa Jiniyus, ranar da aka haife shi sai ya sa fararen kaya ya ƙona turare ya zuba giya ya ajiye waina saboda wannan ruhin. Mawaƙinsu Ovid da sarki Agustas ya kora gudun hijira bakin Baƙin Teku a shekara ta 8 bayan haihuwar Annabi Isa (AS), garin da yanzu yake cikin Romaniya, ya yi waƙa yana kukan ranar haihuwarsa ta same shi a baƙon wuri, ya ambaci turaren da wainar. Akwai kuma wani abu da ya taɓa zuciyata, a arewacin Ingila a wani tsohon sansanin sojan Rum mai suna Vindolanda an tono wata 'yar takardar katako ta wajen shekara ta 100, matar wani hafsan soja mai suna Claudia Severa tana gayyatar ƙawarta Lepidina ta zo bikin ranar haihuwarta 11 ga Satumba, har ta ƙara gaisuwa a ƙasa da hannunta. Mace tana son ƙawarta a kusa da ita ranar farin cikinta, shekara kusan 1,900 da suka wuce. Babu maganar kyandir a wasiƙar.

Da Kiristanci ya zo malamansu na farko ƙin abin suka yi. Origen, babban malaminsu na Iskandariyya a ƙarni na 3, cewa ya yi ku duba littafi za ku ga ba wani mutumin kirki da ya yi bikin ranar haihuwarsa, sai Fir'auna da wani sarki Hirudus, kuma dukkansu a ranar sai da suka zubar da jini. Coci ta fi riƙe ranar mutuwar waliyyanta, a Turai kuma mutane da yawa ranar waliyyin da aka sa musu sunansa suke yi wa biki. Har gobe Shaidun Jehobah ba sa yin bazday. Kun ga kenan gardamar da muke yi yau a kan abin nan wasu sun riga mu yin irinta tun da daɗewa, kuma ƙarnoni masu yawa talakan Turai bai san wani bikin ranar haihuwa ba.

Inda kek da kyandir suka haɗu yadda muka san su yau Jamus ne, a ƙarni na 18. Akwai wani basarake Zinzendorf, shugaban wata ɗariƙar Kiristoci da ake kira Morabiyawa, an haife shi 1700. A 1746 mabiyansa suka shirya masa gagarumin bikin ranar haihuwa a Marienborn kusa da garin Büdingen, wani mutum Andrew Frey da ya zo daga Pennsylvania ta Amurka yana wurin ya gani da idonsa ya rubuta. Ya ce an gasa kek iya girman da tanda za ta iya ɗauka, aka huda ramuka a jikinsa daidai yawan shekarun mutumin, kowane rami aka soka kyandir, sannan aka sa ɗaya a tsakiya. Ni da nake sana'ar da na karanta sai da na tsaya ina lissafi, kyandir 46 da na tsakiya 47, a kan kek ɗin da aka gasa da itace ba mai saita zafi, wane irin kwano aka samu, mutum nawa suka buga ƙwan da hannu, yaya aka yi tsakiyarsa ya nuna gefensa bai ƙone ba. Shi Frey ɗin daga baya ya bar ɗariƙar, littafin nasa ma na sukarsu ne, irin wannan shagali na cikin abin da ya gani bai yi masa daɗi ba. Wato mutumin da ya fara ba mu labarin kek mai kyandir ma ƙorafi yake yi.

Bayan shekara 55, a 1801, babban marubucin Jamus Goethe ya je garin Gotha ranar haihuwarsa ta same shi a can, yana cika 52. Yarima August ya sa aka shigo masa da ƙaton kek bayan an ci abinci, barori a jere, kyandirori masu launi wajen hamsin suna ci har suna neman narkewa su cinye junansu. Abin da ya fi min amfani a labarin shi ne wata magana da Goethe ya ƙara, cewa a bikin yara irin wannan akan bar wuri don kyandirorin shekarun da ke tafe, shi kuwa nasa ba sauran wuri. Wannan ya nuna tun lokacin abin ya riga ya zama al'adar yara a gidajen Jamusawa, har babba yana kwatanta nasa da nasu. Kyandir na tsakiyan nan suna ce masa hasken rayuwa, kuma har yanzu a gidajen Jamus akwai wani zoben katako mai ramuka da ake ajiyewa a tebur ranar bazday ɗin yaro, duk shekara a ƙara kyandir ɗaya, ba ma a kan kek ɗin yake ba.

To me ya sa sai gidan sarauta da masu hali? Tsada. Sukarin lokacin na rake ne da ake nomawa a tsibiran Karibiyan da gumin bayin da aka kwashe daga nan Afirka ta Yamma, idan ana neman baƙin tarihi a cikin kek to ga shi nan a fili ba sai an ƙirƙiro ba. Kyandir mai kyau na kakin zuma ne, na talaka da kitsen dabba ake yi yana wari yana hayaƙi ba wanda zai soka shi a abinci. A 1747, shekara ɗaya bayan kek ɗin Zinzendorf, wani masani a Berlin mai suna Marggraf ya gano ana iya fitar da sukari daga wata saiwa da ke fitowa a ƙasarsu mai kama da ƙaton karas fari, ɗalibinsa Achard ya kafa masana'antar farko a farkon shekarun 1800, sukari ya fara sauka. A 1843 Alfred Bird a Birmingham ya haɗa bekin fauda saboda matarsa jikinta ba ya karɓar yis, duk mai gasa kek ta san darajar wannan ɗan farin garin, kafin shi sai dai ki buga ƙwai har kafaɗa ta sage kafin kek ya tashi. A 1850 James Young a Scotland ya yi rajistar hanyar fitar da farafin daga kwal, kyandir ya yi araha. Da waɗannan suka haɗu ga kuma Jamusawa da suka yi ta ƙaura zuwa Amurka da al'adunsu, kafin ƙarshen ƙarni na 19 kek mai kyandir ya shiga gidajen talakawa, daga can ya bi Turawan mulki da makarantun boko da talabijin har ya iso mana.

Amma akwai abu ɗaya da na fi daɗewa ina juyawa a raina. Kyandir ɗin nan lissafi ne, ba zai yiwu ba sai ka san shekarunka daidai har da ranar. A Ingila tun 1538 aka umarci kowace coci ta riƙa rubuta baftisma da aure da mutuwa a littafi, Katolika ma suka wajabta rubuta baftisma da aure a 1563, a hankali mutane suka saba da cewa kowa yana da kwanan wata nasa a rubuce. Mu kuwa namu lissafin daban yake. Ranar Juma'ar da ta wuce na je gida na tarar da Hajiya a tsakar gida tana tsince shinkafa a faranti, na zauna kusa da ita na ce Hajiya wai ke yaushe aka haife ki? Ta ɗago ta dube ni ta ce "ke 'yar nan me ya kawo wannan tambaya?" Na ce so nake in sani kawai. Ta ce ita dai Inna ta gaya mata da kaka aka haife ta ana cikin yankan gero, ranar wata Laraba, kuma ba a daɗe da yaye ta ba aka kashe Sardauna. Sardauna a Janairun 1966 aka kashe shi, kenan haihuwarta ta kama wajen ƙarshen 1963 ko 1964. Katinta na ɗan ƙasa kuwa 1 ga Janairu aka rubuta, kamar na Baba, kamar na Goggo, kamar na rabin tsofaffin unguwarmu. Mutanenmu da abin da ya faru suke ƙirga shekaru, shekarar da aka canza hannun tuƙi, shekarar da naira ta fito, shekarar fari, su ce wance sa'ar wance ce tare aka yi goyonsu. Ranar da muke girmamawa kuma ta bakwai ce, ranar suna, a yanka rago a yi aski a raba goro. Don haka ni ma na yarda kyandir a kan kek baƙo ne a wurinmu, ba gadonmu ba ne, kuma duk wanda ya ce ba ya so a gidansa yana da hujjarsa. Baƙo ne daga gidajen Jamusawa na shekara 280 da suka wuce, wannan shi ne abin da aka rubuta aka gani.

Hukuncin yin bazday kansa na malamai ne, ni ba malama ba ce. Shaikh Bin Baz da Shaikh Usaimin sun hana, hujjarsu bidi'a ce da koyi da waɗanda ba musulmi ba. Darul Ifta ta Masar ta ce ya halatta idan godiya ce ga Allah da faranta wa iyali kuma ba a haɗa da saɓo ba, suna kallonsa a matsayin al'ada. Kowa ya bi malamin da ya natsu da iliminsa, a gidanmu ma ba bakinmu ɗaya ba, Yaya ba ya yi ba ya zuwa, ƙanwata kuwa ko ɗan wata shida sai ta yi masa kek. Abin da ya ƙona min rai shi ne a ɗauki kalmar shirka, mafi nauyin kalma a addininmu, a liƙa wa uwar da ta sayi kek don ɗanta ya cika shekara biyar, da labarin da aka kwaso daga intanet ba a bincika ba. Allah ya ce mana a Suratul Hujurat mu yi bincike idan labari ya zo, kuma a farkon Sahihu Muslim an rawaito cewa ya ishi mutum ƙarya ya riƙa ba da labarin duk abin da ya ji. Wata kwastomata ta kira ni tana kuka wallahi, ta ce "Anti shekara uku ina yi wa yarana, yanzu ya zan yi, musuluncina yana nan kuwa?" Matar da ko sunan Artemis ba ta taɓa ji ba sai a saƙon nan. Wanda ya fara rubuta shi bai ga hawayenta ba, ni na ji muryarta.

Kuma ni ina da abubuwa biyu da na daina a kan kyandir ɗin nan, da dalilan da zan iya tsayawa a kansu gaban kowa. Na farko maganar nan ta rufe ido ka yi fata a zuci, wai idan ka hure duka da numfashi ɗaya kuma ba ka faɗa wa kowa ba to zai cika. Wannan camfi ne tsagwaronsa ko daga ina ya fito, kuma yara suna ɗaukarsa da gaske, na taɓa ganin yarinya 'yar shekara shida ta fashe da kuka a wurin biki don kyandir ɗaya ya ƙi mutuwa, tana cewa shi kenan ba za ta samu keken hawan da ta yi fata ba. Ɗan musulmi a koya masa cewa Allah ake roƙo, a ɗaga hannu a faɗa a fili a ce amin. Na biyu hurawar kanta. An rawaito daga Ibn Abbas cewa Annabi (SAW) ya hana a yi numfashi a cikin ƙwarya ko a hura a cikinta, mu duka da wannan tarbiyyar muka tashi, ko kunu ya yi zafi ba a bari ka hura sai dai a fifita ko a juya a wani kwano. A 2017 wasu masu bincike a jami'ar Clemson ta Amurka ƙarƙashin Farfesa Paul Dawson sun gwada, suka ga hure kyandir yana ƙara ƙwayoyin bakteriya a kan aisin da kashi 1,400 cikin ɗari. Shi da kansa ya ce idan mai hurawar lafiyarsa ƙalau ba lallai ya sa kowa ciwo ba, to amma yaro mai mura fa, lokacin sanyin hunturu, kek ɗin da mutum talatin za su ci? Ni da na kwana ina shafa aisin ɗin nan da wuƙa har ya yi sumul ba na son ganin an tofe shi.

Na rubuta wa Yaya duk wannan, ya fi wannan tsawo ma. Bai amsa ba sai da daddare ya kira ni ya ce "na karanta, har yanzu dai ni ba na yi." Na ce Yaya ban ce ka yi ba, cewa na yi kada ka ƙara tura wancan saƙon. Ya yi shiru na ɗan lokaci sannan ya ce to zai goge shi a guruf ɗin gida, kuma ya goge.

Yanzu idan aka ba ni odar bazday ina tambaya tun farko ko ana son kyandir. Waɗanda suka ce a'a sai in rubuta shekarun da aisin ko in soka lamba ta roba. Waɗanda suka ce eh ina gasa musu ɗan ƙaramin kof-kek ɗaya daban kyauta in soka kyandir ɗin a kansa, yaro ya hure nasa ya cinye abinsa, babban kuma a yanka wa jama'a ba wanda ya hura masa iska. Matar nan da ta kira ni tana kuka ranar Asabar ɗanta na biyu zai cika shekara huɗu, ta ce a yi mata mai cakulan a rubuta Alhamdulillah a sama, kyandir kuma ta ce sai ta yi shawara da maigidanta tukuna za ta gaya min kafin Alhamis.